Rediyo mai memori da darasin ruwan rai: wadda za a saya wa ikkilisiyar ƙauye

Ƙaramar rediyon nan mai cin memori, wadda matasa ke kira MP, ta shiga ikkilisiyoyin ƙauyukan Sumaila, Rogo, Tudun Wada da Doguwa ba tare da an yi mata shela ba. Mai bishara ya shigo Kano, ya saya a Sabon Gari ko a kasuwar waya ta Farm Centre, a tura masa karatun Littafi Mai Tsarki na Hausa a memori, ya jefa ta cikin jaka ya koma gida. Sai ga tsohuwar da ba ta taɓa riƙe fensir ba tana ɓarar gyaɗa tana jin Zabura. Wannan amfani ne da ba ya buƙatar gardama.

Abin da ake so a auna a nan shi ne ko rediyon za ta iya ɗaukar darasi mai bin jigo ɗaya daga Farawa har Wahayi, irin wanda Zumuntar Mata ko ajin masu shirin baftisma kan yi mako-mako. Jigon ruwa ne ma'aunin da ya fi dacewa, domin ba a wuri ɗaya yake ba. Yana cikin Fitowa, yana cikin Zabura, annabawa sun ɗauke shi, Yesu ya ɗora a kan abin da suka faɗa, Wahayi ya rufe da shi. Na'urar da ba ta iya tsallakawa daga wannan sura zuwa waccan cikin sauƙi za ta kasa a nan, komai daɗin muryarta.

Hukuncin a taƙaice: rediyon ta cancanci kuɗinta idan tana da maɓallan lamba, tana cin dogon batirin nan mai kama da na tocila, mai lamba 18650, kuma an sake tsara memorinta. Yadda ake miƙo ta daga kanti, da wuya ta yi aikin.

A fara da abin da ke cikin memorin, domin a nan aka fi yin asara ba tare da an lura ba. Sau da yawa Sabon Alkawari kaɗai ake turawa, sura 260, saboda shi ya fi yawo a hannun masu turi. Littafi Mai Tsarki kuwa mai littattafai 66 sura 1,189 ne, 929 daga ciki na Tsohon Alkawari. Wanda ya ce ai Bishara ta isa, ya dubi abin da yake faruwa da Yahaya 4 idan an saurare ta ita kaɗai. Yesu yana zaune a bakin rijiyar Yakubu da tsakar rana, ya roƙi Basamariya ruwa, sannan ya ce shi ne zai ba ta ruwan rai. Ta amsa da abin da kowace mace ta ƙauye za ta amsa: ba ka da guga, rijiyar kuma da zurfi. Gaskiyarta ce. Rijiyar tana nan har yau kusa da Nablus, a gindin Dutsen Gerizim, kuma awon da aka yi mata a 1935 ya ba da mita 41, wato sama da gaba ashirin. Duk wadda ta taɓa jan wasaki daga rijiya mai gaba ashirin ta san kanta a tafin hannu, ta san ba a yin wasa da maganar guga.

To me ya sa matar ta ɗauka maganar ruwan sha yake yi? Domin a harshen mutanen ƙasar, ruwan rai kalma ce ta yau da kullum. Ruwa mai gudu ake nufi, na idon ruwa ko na rafi, saɓanin wanda aka tare ya kwanta. A Farawa 26, bayin Ishaku sun haƙa cikin kwari suka sami rijiya, kuma a Ibrananci da wannan kalma aka kira ruwanta. Mutumin ƙauyen Kano bai buƙatar a yi masa dogon bayani kan bambancin. Ya san ruwan kududdufi, wanda ya taru da damina a ramin da aka ɗebi ƙasar gini, ya yi kore kafin sanyi ya wuce, ya koma taɓo a watan Maris. Ya kuma san ramin da ake tonawa a yashin rafi da rani, a kwashe shi da ƙoƙo, a ɗan jira, ya sake tsattsafowa garau. Na farko ajiya ce mai ƙarewa, na biyu daga ƙasa yake fitowa. Irmiya 2:13 a kan wannan bambanci aka gina ta: Ubangiji ya ce mutanensa sun yi laifi biyu, sun rabu da shi, maɓuɓɓugar ruwan rai, sun kuma sassaƙa wa kansu ramukan tara ruwa, tsagaggu, waɗanda ba sa riƙe ruwa. A ƙasar Yahuza cikin dutse ake sassaƙa irin waɗannan ramuka, a shafe su da farar ƙasa don tara ruwan sama. Shafen ya tsage, wahalar shekara ta tsiyaye. Matar da ta taɓa cika randa da yamma ta tashi da safe ta tarar da ƙasa a jiƙe, randar kuma wayam, ta riga ta fahimci annabin.

Wanda ya ji Irmiya 2 kafin Yahaya 4 zai gane cewa Yesu yana ɗaukar sunan da Allah ya kira kansa da shi ne yana cewa a hannunsa ake samu. Wanda bai ji ba zai tsaya a kan labari mai daɗi na mace da tulu. Har a Girkancin Yahaya an bar alamar: kalmar da matar ta kira rijiyar da ita tana nufin rami haƙaƙƙe, wadda Yesu ya yi amfani da ita a aya ta 14 kuwa tana nufin maɓuɓɓuga. Saboda haka memorin da babu Tsohon Alkawari a ciki rabin kaya ne, kada a karɓe shi da sunan cikakke.

Haka abin yake da Yahaya 7. A rana ta ƙarshe ta Idin Bukkoki Yesu ya miƙe ya ɗaga murya ya kira mai jin ƙishirwa ya zo ya sha. A kwanakin wannan idi firist kan ɗebo ruwa daga tafkin Siluwam da butar zinariya, a rako shi da murna, ya zuba a bagade, kuma malaman Yahudawa sun danganta al'adar da Ishaya 12:3, inda aka ce za a ɗebi ruwa da farin ciki daga rijiyoyin ceto. Yahaya da kansa ya bayyana a aya ta 39 cewa Ruhu Mai Tsarki ake nufi da ruwan. Bulus ma a 1 Korantiyawa 10:4 ya ce dutsen da Isra'ilawa suka sha daga gare shi Almasihu ne. Wanda bai ji Fitowa 17 ba, inda Musa ya bugi dutse a Horeb ruwa ya fito, wane dutse zai kawo a ransa?

Wannan ya kawo mu ga maɓallai. Rediyoyin iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai maɓallin gaba da baya kawai, akwai mai lambobi daga 0 zuwa 9 da ɗan allo mai nuna lamba huɗu. Ta farko ta fi araha, sau da yawa ma ta fi kyan gani da ƙarfin sauti, amma don nazari ba ta da amfani ko kaɗan. Daga Irmiya 2 zuwa Yahaya 4 danna 254 ne. Babu mai bisharar da zai tsaya gaban jama'a yana wannan ƙirge, kuma maɓallin roba ba zai jure ba. Mai lambobi kuwa, a danna lambar fayil, a ɗan jira daƙiƙa biyu ko uku, ta kama.

Idan an tura sura 1,189 a jere, fayil ɗaya sura ɗaya, babu gabatarwa ko waƙa a tsakani, lambobin darasin ruwa ba sa canzawa, kuma ya kamata a rubuta su a takarda a manna a bayan rediyon. Farawa 21, labarin Hajara da salkar da ta ƙare a jejin Biyer-sheba, lamba 21. Fitowa 15, ruwan Mara mai ɗaci da maɓuɓɓugai goma sha biyu na Elim da itatuwan dabino saba'in, lamba 65. Fitowa 17 lamba 67. Littafin Ƙidaya 20 lamba 137. Zabura tana da sauƙi, a ƙara 478 a kan lambar zaburar: ta 1 ta zama 479, ta 23 ta zama 501, ta 42 ta zama 520, ta 63 ta zama 541. Ishaya a ƙara 679: sura 12 ita ce 691, sura 55 ita ce 734. Irmiya 2 lamba 747, Irmiya 17 lamba 762, Ezekiyel 47 lamba 849, Amos 8 lamba 887. A Sabon Alkawari, Yahaya 4 ita ce 1001, Yahaya 7 ita ce 1004, Yahaya 19 ita ce 1016, 1 Korantiyawa 10 ita ce 1072, Wahayi 7 ita ce 1174, Wahayi 22 kuma 1189. Idan memorin na Sabon Alkawari ne kaɗai, a cire 929 daga waɗannan, Yahaya 4 ta koma 72. Memorin da aka haɗa da ƙarin littattafan da Katolika ke karantawa lissafinsa daban ne.

Ga kuma inda abin yake lalacewa, kuma laifin ba na mai kanti ba ne kullum. Mafi yawan waɗannan ƙananan rediyoyi ba sa duban sunan fayil. Suna bin jerin da fayilolin suka shiga memorin ne. Ko an sa musu suna 0001, 0002 har ƙarshe, idan kwamfuta ta fara kwafe na tsakiya, shi rediyon za ta kira lamba ɗaya. Shi ya sa ake danna 1001 a ji Ayyukan Manzanni. Haka nan idan an goge wani fayil aka tura sabo, sabon yakan shige gurbin tsohon ya birkita jerin. Maganin ɗaya ne: a yi wa memorin fomat gaba ɗaya, a jera fayilolin bisa suna a kwamfuta, a tura su littafi bayan littafi, ana jira ɗaya ya gama kafin a fara na gaba. Aikin ba ya wuce awa guda, amma mai turi da ke da layin masu jiran fim ba zai yi shi ba sai an zauna kusa da shi an nuna masa dalili. Kada kuma a yarda ya ƙara waƙoƙin sujada a matsayin gyara a kan memori ɗaya. Waƙa uku a farko sun isa su ture kowace lamba daga wurinta. Waƙoƙi su sami nasu memorin.

Memorin kansa ba sai babba ba. Karatu a MP3 mai nauyin 64 kbps yana cin kusan MB 29 a awa ɗaya, don haka ko karatun ya kai awa ɗari bai cika giga 3 ba. Mai giga 4 ko 8 ya wadatar. Wanda ya wuce giga 32 yakan zo da tsarin ajiyar fayil da ake kira exFAT, rediyoyin kuwa wanda ake kira FAT32 suka sani, sai allon ya tsaya kamar ba a sa komai ba. Jabun memori ma ya cika kasuwa. Alamarsa ita ce ya karɓi kaya duka ba gardama, amma fayilolin ƙarshe su ƙi buɗuwa. Tunda Wahayi ne a ƙarshe, gwajin mai sauƙi ne: kafin a biya, a danna 1189 a saurara har sura ta ƙare. Bayan an gama, a liƙe bakin memorin da salatif. Yara kan zare shi su sa a waya, ya dawo da ƙwayar cuta ko ya ɓata cikin yashi, kuma ƙurar hunturu tana shiga ta wannan kafa.

Akwai aibin da ko rediyo mai lambobi ba ta tsira daga gare shi ba: sura take sani, ba ta san aya ba. Kiran Yesu a Idin Bukkoki yana aya ta 37 a cikin sura mai aya 53. Kafin a kai can an bi ta gardamar 'yan'uwansa da ta shugabanni, hankalin masu sauraro ya rabu. A wasu rediyoyin riƙe maɓallin gaba yana gaggauta karatun, a wasu kuwa ƙara sauti yake yi, don haka a gwada a kanti. Mafita mafi kyau ita ce memori na biyu, ƙarami, na darasin kaɗai. Wanda ya iya kwamfuta ya yanke sassan da ake so da manhajar Audacity, wadda kyauta ce, ya bar daƙiƙa biyu na shiru a farko da ƙarshe, ya jera su 1 zuwa 15 ko abin da ya samu. Da irin wannan memori, shugabar Zumuntar Mata da ba ta karatu za ta iya jan darasin da kanta, tunda lamba ɗaya ko biyu kawai za ta danna. A tuna dai cewa karatun yana da masu shi. Wasu sun yarda a raba kyauta amma ba su yarda a sayar ba, ya kamata a duba sharaɗin inda aka samo. Abin da aka sauke cikin manhajojin waya irin su YouVersion yana zama cikin manhajar ne, ba fayil ba ne da za a kwafa zuwa rediyo.

Sai murya, wadda aka fi mantawa a duba. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa a 1932, daga baya aka sami sababbin fassarori, kuma ba su zama ɗaya ba ko a sunayen littattafai: wani ya ce Yahaya, wani ya ce Yohanna, wani Wahayi, wani Ru'ya. A nemi karatun da ya yi daidai da littafin da ke kan bagaden ikkilisiyar, don kada masu bi da ido su rikice, kada kuma ayar haddar yara ta bambanta da wadda iyayensu suke ji. Bayan haka a kasa kunne ga harshen mai karatun. Darasin ruwa cike yake da kalmar ƙishi. Mai karatun da ba ya bambanta ƙ da k zai mai da ita kishi, sai Zabura 42 ta fito kamar rai yana kishin Allah, alhali barewa ce mai neman rafi ake kwatantawa. Bakanon ƙauye yana jin wannan nan take, kuma ƙaramar lasifika mai ƙara tana daɗa ɓata shi. A danna 520 a kanti a saurara da kyau.

Karatu mai muryoyi da yawa da kiɗa a bayansa yana da daɗi a Yahaya 4, domin ana jin muryar mace da ta namiji suna musayar magana, tambaya da amsa. Amma a lasifika mai wat 3 kiɗan yana danne kalmomi, musamman ga tsofaffi masu nauyin ji. Don Zabura da annabawa, murya ɗaya ba kiɗa ta fi. Idan ɗaya za a zaɓa, a ɗauki marar kiɗa.

Ƙarfin sautin yana isar mutum goma sha biyar zuwa ashirin a zaure ko cikin majami'a mai rufin kwano. A fili ƙarƙashin darbejiya iska tana kwashe shi. Kada a murɗe ta har ƙarshe, sautin yana fashewa, batir kuma ya zube da wuri. A ɗora ta kan kifaffen turmi a jikin bango, fuskarta ga jama'a, ko a sa ta cikin babbar ƙwarya a karkace, za a ji bambanci. Taron da ya wuce mutum talatin ya fi ƙarfinta, sai dai a haɗa ta da babbar lasifika ta kafar abin kunne.

Batir shi ne abu na biyu da ke raba mai kyau da marar kyau. Masu cin BL-5C, irin na tsohuwar Nokia, na asalinsa ma mAh 1,020 ne (mAh ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ne), na kasuwa kuwa ba ya kaiwa. Masu cin 18650, dogon batir mai kama da na tocila, sun fi nesa ba kusa ba. Na gaskiya yana tsakanin mAh 2,000 da 3,500, nauyinsa kusan giram 45. Duk wanda aka rubuta wa 9,900 ƙarya ce, babu irinsa, kuma in an ɗaga shi za a ji shi sakayau. Lissafin mai sauƙi ne: rediyon da ke jan mA 200 a matsakaicin sauti za ta yi kusan awa goma da batir mai 2,000. Wannan ya isa darasin mako da sauraron gida. A lura da kan batirin, domin wanda aka ciro daga tsohon batirin laftof kansa a shafe yake, wasu rediyoyin kuma sai mai ɗan tsini suke taɓawa. A sayi biyu, ɗaya na aiki ɗaya na jira. Wanda ya kumbura ko ya fara tsatsa a cire shi, kada a jefa shi a murhu ko juji mai wuta, yana fashewa.

Ɗan gilashin solar da ake manna wa wasu a ka shi ne abin da ya fi jan mai saye, shi ne kuma ya fi ba da kunya. Faɗinsa bai kai tafin hannu ba. Ko ya ba da mA 100 a rana tsaka, cika batir mai 2,000 zai ci awa ashirin na rana mai ƙarfi, kwana uku ko huɗu ke nan. Mafi muni, don a yi cajin dole a shanya rediyon gaba ɗaya. Batirin litiyam ba ya son caji a zafin da ya wuce digiri 45, a bazarar Kano da Jigawa kuwa inuwa ma tana haura 40, balle baƙar roba a kan rufin kwano. Haka batir ke mutuwa cikin 'yan watanni, robar ta lanƙwashe. A sayi faranti na daban mai wat 5 da bakin USB da doguwar waya, faranti a rana, rediyo a inuwa, cikin rabin yini ta cika. Da hunturu a riƙa share ƙurar farantin kowace safiya da tsumma mai laushi. Bakin cajin rediyon shi ne ke fara lalacewa, don haka kada a riƙa sauraro waya na jone ana ɗaga ta ana ajiyewa. Da damina a ajiye ta cikin roba mai murfi, ba a kan tagar ɗakin ƙasa ba, kuma kada a bar batir a mace har wata biyu saboda aikin gona ya ɗauke hankali.

Idan kayan sun daidaita, jerin da ya fi zama a kunne shi ne wanda ya fara da ƙishirwar jiki. Makon farko Hajara da Mara. Labarin Hajara yana kama mata sosai: ta ajiye yaron ƙarƙashin wani ɗan itace, ta koma nesa kamar nisan harbin kibiya don kada ta ga mutuwarsa, sai Allah ya buɗe idonta ta ga rijiya. Mako na biyu dutsen Horeb da na Littafin Ƙidaya 20, inda aka ce wa Musa ya yi wa dutsen magana, shi kuwa ya buge shi sau biyu. Na uku Zabura 42 da 63, na huɗu Irmiya 2 da 17 tare da Zabura 1, itacen da aka dasa a bakin rafi wanda ganyensa ba ya yaushi a shekarar fari. Masu lambu a fadama sun san dalilin, saiwa ce ta kai inda danshi yake. Sai a mako na biyar a shiga Yahaya 4 da 7, a lokacin kunnuwa sun riga sun cika da abin da Yesu yake nuni gare shi. A nan ne ake jin nauyin Yahaya 19:28, inda mai ba da ruwan rai da kansa ya ce yana jin ƙishirwa.

Ezekiyel 47 a bar ta ta zauna da Wahayi 22 a mako na ƙarshe, kuma ita ce surar da ta fi kowace amfana da sauraro. Ruwa yana fitowa daga ƙarƙashin ƙofar Haikali, mai awo ya auna kamu dubu, ruwan ya kai idon sawu. Ya ƙara dubu, ya kai gwiwa. Ya ƙara, ya kai kwankwaso. A na huɗu sai iyo. A takarda ido yana tsallake maimaicin, a kunne kuwa ana jin ruwan yana hawa. Manomi zai lura da abin da mai karatun birni kan wuce: ba a ambaci wani rafi da ya shigo ya ƙara masa ba, duk da haka yana daɗa zurfi, saɓanin kogunanmu da ke raguwa in sun yi nisa cikin yashi da rani. Ya gangara Tekun Gishiri ya gyara ruwansa, itatuwan gaɓarsa suna 'ya'ya kowane wata, ganyensu magani ne. Wahayi 22 ta ɗauko kogin da itacen da ganyen, ta ƙare da kiran mai ƙishirwa ya ɗiba kyauta.

Kowane sashe a kunna shi sau biyu. Bayan na farko kada a yi tambaya, a bar shiru kaɗan. Bayan na biyu a nemi wani ya maimaita labarin da bakinsa, sauran su cike abin da ya tsallake, sannan a tattauna. Minti arba'in sun isa. A kuma zaɓi lokacin da mata suka dawo daga ɗibar ruwa, ba lokacin da layin famfo yake jiransu ba.

Abu biyu ne rediyon ba za ta gyara ba, sai mai jan darasin. Ɗaya shi ne saurin mai da ruwan rai wani ruwa na kwalba da ake saye don neman tsari ko waraka. Ishaya 55, lamba 734, ta rufe wannan ƙofa, domin marar kuɗi take kira ya zo ga ruwa, kuma a garin da ake biyan ɗan garuwa kuɗin kowace jarka, wannan magana tana da nauyin da ba ta da shi a gidan da famfo ke zuba. Ɗayan shi ne a yi ta zancen ruwan ruhaniya alhali famfon burtsatsen unguwa ya yi wata uku a lalace saboda robar da ba ta kai kuɗin buhun taki ba. Matiyu 10:42, lamba 939, ta ƙoƙon ruwan sanyi na zahiri take magana, kuma rijiyar ƙauye Kirista da Musulmi ne ke jan guga ɗaya a kanta. Ya kamata a sa wannan aya cikin memorin darasin.

Wanda zai je saye ya tafi da takardar lambobin a aljihu. Ya zaɓi mai maɓallan lamba da murfin batir mai buɗuwa, ya sa memorin a gaban mai kanti, ya danna 21, ya danna 520, ya danna 1001, ya danna 1189, ya tabbata kowace ta fito da surar da ake tsammani. Ya kashe rediyon a tsakiyar sura ya sake kunnawa, ya ga ko ta ci gaba daga inda ta tsaya ko ta koma Farawa 1. Ya jona caja ya girgiza wayar a hankali, idan fitilar cajin tana ƙiftawa ya nemi a canza masa wata kafin ya bar kantin.